Kujerar Bakin Ƙofa

Kwana biyu bayan rasuwar surukina, gidanmu na Paris ya kasu kashi biyu ba tare da kowa ya shirya hakan ba. A falo mutanenmu na unguwar Goutte d'Or suka shimfiɗa darduma suka zauna shiru, kowa kansa a sunkuye. A kicin kuwa danginsa ne da suka sauka daga ƙasar Ayilan, suna jiran jirgin ƙasa na Lyon inda za a binne shi, sun kewaye tukunyar shayi suna ba da labarinsa suna ƙyalƙyala dariya har da buga tebur. Wani ɗalibi ɗan Tahoua da ya zo gaisuwa ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce, "Malam, wai suna aka yi can ciki?"

Na ce masa a'a, haka suke nasu makokin.

Da hantsi Alhaji mai atamfa na unguwar Château Rouge ya shigo. Mutumin Maradi ne, shi ya tsaya mini a matsayin uba tun zuwana Faransa. Ya zauna, ya ɗaga hannu zai fara addu'ar da bakinsa ya saba, sai ya tuna mamacin ba musulmi ba ne, ya tsaya da hannu a sama. Ya ɗan jima a haka. Can ya sauke ya ce, "Allah shi ba ku haƙuri. Wallahi mutum ne." Daga nan dattijon da ban taɓa ganin hawayensa ba ya ja hularsa ya rufe fuska.

Gwaggon matata, ƙanwar marigayin, wata 'yar tsohuwa ce guntuwa mai muryar mutum uku. Ta fito daga kicin riƙe da jarida, ta ajiye mini a cinya. An yi masa rubutu ɗan kaɗan, an jera finafinansa, an sa hotonsa na ƙuruciya. Ta ce, "Dubi wannan. Kamar takardar kanti. Kai ka rubuta shi da harshenku, ya fi son haka."

To ga shi na zauna zan rubuta. Sai dai tun farko in faɗa: sunansa ba zai fito a nan ba. Surukina ne, uban matata, kuma mu mutanen Damagaram ba mu kama sunan suruki, ba mu kallon ƙwayar idonsa, ba mu cin abinci gabansa. Wannan kunyar ce ta kusa sa mutumin nan ya bar duniya yana zaton na raina shi.

Kusan duk abin da na sani game da rayuwarsa ta bayan ƙofa na ji shi, yana ba matata ko jikokinsa labari ni kuma ina ɗaki na gaba ina kamar karatu. An haife shi a wani ƙauye na bakin teku inda ruwan sama ba ya gajiya. Ubansa mai ɗinkin komar kamun kifi ne. Kakarsa ba ta jin wani harshe sai tsohon harshen ƙasarsu, wanda yaran birni suke yi wa dariya a lokacin. Tun gemu bai fito masa ba ya gudu Dublin, ya yi shara a gidan wasan kwaikwayo, ya ɗauki katako, har ranar da wani ɗan wasa ya kwanta ciwo aka tura shi ya faɗi jimla biyu. Ya ce ya faɗi uku, ta ukun tasa ce, kuma ita aka yi wa dariya.

Daga nan ya haye London. Shekara da shekaru ana ba shi rawar da ake ba mutanen ƙasarsu: mashayi, ɗan sanda, limamin coci, direban da za a kashe tun fim bai yi nisa ba. Yakan ce, "An harbe ni, an soke ni, an jefa ni teku, kuma kullum sai in koma gida in ci dankalina." Yana faɗa yana dariya, amma abin ya ci masa rai. Ranar da aka sake miƙa masa kwalba aka ce ya yi tangaɗi, ya ajiye ta a hankali ya ce uwarsa na raye, kuma tana zuwa silima. Daga ranar ya yanke shawarar zama furodusa, ya riƙa shirya nasa finafinan.

Wanda ya fi ji da shi a duniya shi ne na wani mai gyaran kwale-kwale da ya ƙi barin tsibirinsu bayan kowa ya tashi. Shi ya shirya, shi ya fito a matsayin mutumin, kuma da harshen kakarsa aka yi shi daga farko har ƙarshe. Masu rarraba finafinai suka ce za su karɓa in ya yanke wani wuri ɗan kaɗan, inda mutumin ya fito daga teku ba riga, matarsa ta tarbe shi ta rungume shi. Ya ce ko ƙiftawar ido ba za a cire ba. Fim ɗin ya shekara a kabad kafin wani ya karɓe shi yadda yake. A cikin masu sana'ar, an san shi da cewa shi ne mutumin da ba a yanke masa fim.

Wurin ɗaukar wani fim a Faransa ya haɗu da wata tela 'yar Lyon mai ɗinka kayan 'yan wasa, ya aure ta, ya tare a garinsu. Ɗiya ɗaya suka haifa, ita ce matata. Surukata ta rasu kafin in zo ƙasar, don haka na tarar da shi shi kaɗai a hawa na biyar na wani tsohon gida a unguwar Croix-Rousse, gidan da ba shi da na'urar hawa. Keken ɗinkinta na nan a bakin taga, a lulluɓe, kuma shi yake goge shi da kansa.

Ni kuwa karatun ilimin ruwa ne ya kai ni Lyon a farkon shekarun dubu biyu. A ɗakin karatu na haɗu da ɗiyarsa. Da magana ta yi ƙarfi ta ce in zo in gaida babanta. Na sa shaddata, na hau benen nan ina haki. Ƙofa ta buɗe, sai ga wani ƙaton mutum mai farin gashi, ya buɗe hannuwa zai rungume ni. Ni kuma na yi abin da aka koya mini: na tuɓe takalma, na durƙusa, na sunkuyar da kai.

Sai na ji ƙarar gwiwa, ƙas, ƙas. Na saci kallo, na ga mutumin nan ya durƙusa gabana yana dube-duben ƙasa.

"Me ya faɗi?" ya ce. "Madubin ido ne?"

Sai da ni da ɗiyarsa muka kama shi muka tayar, domin gwiwar ta ƙi miƙewa. Da ya samu ya zauna, ya nuna ƙirjinsa ya faɗi sunansa, ya ce da shi zan riƙa kiransa.

Na ce, "To, Baba."

"Ba Baba ba. Sunana."

"To, Baba."

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne wannan mutum a kan suna ya gina dukan sana'arsa. In ana ɗaukar fim ɗinsa, ranar farko sai ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya, daga mai kyamara har matar da ke dafa shayi, ya haddace sunayensu. Ya hana a ce masa Mushe, wato "Monsieur" ɗin da Faransawa ke girmama mutum da shi. Wanda ya kuskura ya faɗa, shi zai wanke kofuna ranar. A wurin cin abinci kuma shi ne na ƙarshe a layi, kuma ba ya cin nasa sai a tsakiyar mutane. Wannan ne mutumin da Allah ya haɗa da surukin da ba zai kama sunansa ba.

Ranar da na je gaishe shin nan ya dafa mana farfesun rago irin na ƙasarsu, da dankali da albasa. Daga baya na ji cewa sai da ya sauka har unguwar Guillotière ya nemi mahaucin musulmi, ya tsaya yana yi masa tambayoyi kamar alƙali. Aka zuba mini kwano cike. Ƙanshi ya cika mini hanci, cikina na kuka, amma ina zan iya tauna a gaban uban yarinya? Na tsoma cokali sau biyu na ce alhamdu lillahi. Ya dubi kwanon, ya dube ni.

Duk da haka bai hana ni aure ba. Da Alhaji ya zo daga Paris neman aure, ya saurari doguwar gaisuwa har ƙarshe, ya ce ɗiyarsa ta fi shi hankali, wanda ta zaɓa shi ma ya zaɓa. Aka ɗaura aure, na samu aiki a Paris, muka koma can.

Sai ranar da na tafka ta. Wani ƙaramin gidan silima a Lyon ya shirya karrama shi, za a nuna fim ɗin nan na mai kwale-kwale da yamma, bayan la'asar. Ya kira mu ya ce lallai mu zo. Ni ban taɓa ganin fim ɗin ba. Ya zaunar da ni a layin gaba, tsakiyar layi, a hannun damansa, kujerar da ya hana manyan gari. Aka kashe fitilu. Wallahi fim ɗin ya kama ni, har na manta inda nake. Kwatsam sai ga surukina ya cika bango, ya fito daga ruwa daga shi sai ɗan gajeren wando, wata mace ta rugo ta faɗa jikinsa.

Ga shi a bango, ga shi kuma a gefena, kafaɗarsa na taɓa tawa. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna ne suka miƙe. Kuma da yake a tsakiya nake, sai da na tsallake gwiwarsa, na tsallake gwiwoyin mutum goma sha wani abu, inuwar kaina tana yawo a kan allo, kafin in kai ƙofa. Na tsaya a waje ina jin daɗin kaina, ina cewa na fita kunyar surukina.

Da aka tashi, mutane suka kewaye shi suna yabo. Ya ratso su ya zo inda nake, ya ɗan sunkuya ya ce, "Na gode da zuwa, Mushe Injiniya." Mutumin da ya haramta kalmar nan a bakin kowa, ni ya ajiye wa ita.

A jirgin komawa matata ta bari sai da muka yi nisa. Sannan ta juyo.

"Ka san abin da ka yi? A sana'arsu gara ka mare shi. Kuma a daidai wurin da ya yi shekara yana faɗa a kansa!"

"Girmama shi na yi."

"To je ka gaya masa."

"In ce masa me? In ce Baba, na ga ƙirjinka?"

Ba ta yi dariya ba. Ita ta kira shi ta yi masa bayani, sau ba adadi. Ya ce mata, "Ɗiyata, kina kare mijinki, kuma haka ya kamata. Amma ni na tsufa ina kallon bayan mutane suna fita daga silima. Mutumin nan ba ya kallona, ba ya cin abincina, ba ya iya furta sunana. Ba sai an fassara mini ba."

Shekara biyu muka yi a haka. In mun je Lyon, ya karɓe ni da ladabi irin na ma'aikacin banki. Ni ma in faɗi gaskiya, ba kunya kaɗai ce ta riƙe ni ba, har da girman kai. Ina ganin ni na bar ƙasata, na koyi harshensu, na koyi cin cukunsu mai wari, to wannan abu guda ɗaya su ma su koya. Amma a cikin shekarun nan ne likita ya ce zuciyarsa ta fara rauni. Tun daga nan duk lokacin da waya ta yi ƙara daga Lyon sai gabana ya faɗi. Ina son mutumin nan, ina alfahari da shi har abokan aikina sun gaji da ji, kuma shi kaɗai ne bai sani ba.

Abin da bakin ɗiyarsa ya kasa, idonsa ne ya yi masa. Yana shirya wani fim a Paris, ana neman atamfa don kayan 'yan wasa, matata ta tura shi shagon Alhaji. Alhaji ya ba ni labarin nan ya fi sau ashirin, kuma kullum sai ya tashi tsaye ya kwatanta. Suna zaune suna shan shayi, sai mijin ɗiyar Alhaji ya shigo da saƙo, babban mutum, likitan haƙori, da kwat da jaka. Yana ganin Alhaji ya zame takalma a bakin ƙofa, ya durƙusa tsakanin bandiran atamfa, idonsa a ƙasa. Aka miƙa masa shayi ya ce ya ƙoshi. Ya ajiye saƙo ya fice da baya.

Surukina ya ajiye kofi. Ya ce, "Wannan me ka yi masa da ya tsane ka haka?"

"Sai da na yi dariya har na sarƙe," in ji Alhaji. "Na ce mishi, wane irin tsana? Wanga yaro in na ce shi kwanta a layin jirgin metro, kwanciya za shi yi. Ranar da ya dube ni cikin ido ya kira sunana, ranan na san aure ya mutu."

Can surukina ya tambaye shi batun silima, ya kwatanta masa wurin da na fita. Alhaji ya ce, "Kai, Bature! Kana tuɓe, da mace, kuma shina zaune kusa da kai? Ai da ya zamna ya kalla, ni da kaina zan zo har Lyon in ja mishi kunne."

Alhaji ya ce surukina ya tashi, ya je bakin ƙofa, ya tuɓe takalmansa, ya gwada durƙuson da ya gani, ya gwada fita da baya, yana yi yana magana shi kaɗai. Masu sayen atamfa suka tsaya kallo. Da ya gama ya ce, "Shekara arba'in ina karanta jikin mutane, kuma na karanta na gidana a juye."

Bai kira ni ba, bai ba ni haƙuri ba, kuma na gode masa, domin da ya yi da ban san inda zan sa kaina ba. Bayan mako uku sai ga ƙunshi ta gidan waya. Faifan fim ne, na mai kwale-kwale. A jikin kwalin ya rubuta da hannunsa: "Na surukina. Kwafi ɗaya ne a duniya." Na sa a na'ura, matata na gefe. Mutumin ya nufi teku, igiyar ruwa ta taso, sai kawai ga shi a gida sanye da rigar sanyi yana shan miya. An cire wurin, an ɗinke shi da kyau yadda ba za ka ga tabo ba. Matata ta sa hannu ta rufe baki. Ta ce, "Ya yanke. Baba ya yanke fim." Ni dai na kalle shi har ƙarshe, sannan na shiga banɗaki na daɗe ina wanke fuska.

Daga nan kuma sai ya ɗauki surukuta a matsayin sabuwar rawa, kuma kamar kowane ɗan wasa, ya zarce. Ya sa Alhaji ya ɗinka masa babbar riga. In mun zo Lyon, sai mu tarar ya hakimce a kujera, ya kafa ido a silin, ni ina durƙushe ina gaisuwa shi yana amsawa da Hausar da ya haddace: "Lahiya lau. Lahiya lau. Madalla." Ko na tambaye shi ya jiki, ko na ce masa mota ta lalace, amsar dai lahiya lau ce. In an gama abinci, da kansa zai zuba nawa, kwano biyu, ya kai ɗakin ɗinki, ya ja ƙofa, ya yi shela da muryar dandali cewa duk wanda ya leƙa surukinsa zai gamu da shi. A ɗakin nan, kusa da keken surukata, na gano irin farfesun da na yi asara ranar farko.

Sau ɗaya ya yi mini faɗa na gaske. 'Yarmu ta fari tana da shekara biyar, na yi mata magana da Hausa ta amsa da Faransanci, na ƙyale. Ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. Da yake ya koyi cewa suruki ba ya yi wa suruki faɗa gaba da gaba, sai ya juya ga matata, ya ɗaga murya yadda zan ji daga ɗaki na gaba. "Gaya wa mijinki, kakata ta mutu a gida cike da jikoki, kuma ba wanda zai iya tambayarta ko tana son ruwa da harshen da take ji. Ina cikinsu. Gaya masa in yarinyar nan ta je Damagaram ta tsaya kallon kakarta kamar baƙuwa, ban yafe masa ba." Yau 'ya'yana suna faɗa da juna da Hausa a cikin metro. Mutumin Ayilan ne ya yi wannan aikin, ni dai na bi umarni.

A shekararsa ta ƙarshe benen ya gagare shi, amma ya ƙi tashi daga gidan. Abinci ya fita ransa. Matata ta koma can da zama, ni ina zuwa ƙarshen mako. Wata Asabar matar Alhaji ta dama kunun gyaɗa ta cika fulas ta ce in kai masa. Na isa da azahar, na tarar matata a tsaye a bakin ƙofa, idonta ja. Ta ce kwana biyu bai sa komai a baki ba, wai shi bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba, ita kuma in ta zauna kuka take yi, sai ya ture kwanon.

Na shiga na durƙusa na gaishe shi. Ya rame, babbar muryar ta koma ƙarama. Na zuba kunu a kofi na ajiye masa, na juya zan fita kamar kullum. Na kai ƙofa na tsaya. Na tuna mutumin nan ya sa almakashi a abin da ya fi so don ni. Na dawo, na ɗauko kofi na biyu, na zuba, na ja kujera na zauna a bakin gadonsa.

Ya dube ni, ya dubi kofin hannuna. Ya gane. Sai a hankali, da ƙyar, ya juyar da fuskarsa wajen taga, ya bar ni da ƙeyarsa.

"Sha," ya ce. "Ba na gani."

Na yi bismilla na kurɓa. Na ji shi ma ya kurɓa. Haka muka shanye, shi yana kallon rufin gidajen Lyon, ni ina kallon ƙasa. Da ya ajiye kofi ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kada ka kuskura ka faɗi sunan nan yanzu don ka ga ina mutuwa. Kowa ya kira ni da shi, har masu karɓar haraji. Bar ni da Baba."

Na ce, "To, Baba."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Bayan kwana tara ya rasu, da safe, hannunsa cikin na ɗiyarsa.

An binne shi kusa da matarsa. Da aka fito da akwatin, 'yan sana'arsu suka yi abin da suke yi wa nasu, suka tafa masa. Tsofaffin masu kyamara, direbobi, matar da ta dafa masa shayi a finafinai da yawa, duk suna tafi suna kuka. Alhaji da mutanenmu da suka cika mota biyu daga Paris suka tsaya hannu a ƙirji, sun rasa yadda za su yi. Ni ina ɗauke da kusurwar gaba ta akwatin tare da 'ya'yan ƙannensa, kamar yadda ya ce a yi.

Bayan wata biyu gidan silimar nan ya sake shirya nuna fim ɗin don tunawa da shi, cikakke, ba yanke. Na ce wa matata ni zan jira a gida. Gwaggo ta ji labari, ta kira ni a waya ta ce in ban zo ba za ta zo ta ɗauke ni a kafaɗa. Na je. Ɗakin ya cika. Na nufi layin gaba inda iyali suke, sai wani dattijo ya tare ni, ya ce shi ne mai haɗa hotunan finafinan marigayin, shi suka yi aikin yankan nan tare, kwana uku surukina yana zaginsa yana zagin almakashi. Ya ce, "Wurinka ba nan ba ne. Tun yana kwance ya bar saƙo."

Ya kai ni layin ƙarshe, kujerar da ke manne da ƙofar fita. An liƙa takarda a jikinta, da rubutun hannun da na sani, ya ɗan karkace: "Ta surukina ce. In ya tashi, kada wanda ya juyo."

Na zauna. Aka kashe fitilu. Na ji muryarsa ta ƙuruciya tana magana da harshen kakarsa. Da mutumin ya nufi teku, igiyar ruwa ta taso, na miƙe. Taku biyu na yi na kai ƙofa, ban taka ƙafar kowa ba, kuma a cikin ɗakin nan cike da mutane ba wanda ya juyo.

A waje, a daidai inda na tsaya shekarun baya, an ajiye kujera ɗaya da ɗan tebur, da kwano a rufe. Na buɗe. Farfesun rago ne da dankali, da zafinsa, Gwaggo ce ta dafa. Na zauna ni kaɗai na cinye shi tas, hawaye na zuba a ciki.

Allah ya ba matata da 'ya'yana haƙurin rashinsa, ni ma ya ba ni. Mai son sunansa ya duba jarida. Ni surukina ne.